Haɗa intanet tsakanin gida da gida a Sakkwato: wace na'ura ta dace da wane wuri

Yawancin masu neman wannan aiki a Sakkwato 'yan gida ɗaya ne da gini ya raba. Mahaifi yana babban gida, ɗa ya gina nasa a bayan katanga ko a ƙetaren layi, an sa Starlink ko rautar MTN ko ta Airtel a gida guda, ana son ɗayan ma ya samu ba tare da an biya kuɗin wata sau biyu ba. Wasu kuma kyamarorin tsaro na shago ko na gidan haya suke so su riƙa gani daga ɗaki. Kusan dukkansu da magana guda suke shiga kasuwa: a ba su wadda ta fi ƙarfi. Alhali nisan da ke tsakanin gidajen, da abin da ke tsaye a tsakani, da saurin intanet ɗin da za a raba, su uku ne ke faɗin abin da za a saya, kuma sau da yawa ƙaramar na'ura suke nunawa.

Nisa a auna shi, kada a ƙiyasta da ido. A buɗe Google Maps, a danna kan rufin gida na farko a riƙe, a zaɓi awon nisa, a ja zuwa rufin na biyu. Daga nan mutum biyu su hau, kowa ya tsaya inda ake son ɗaura na'ura, su duba ko suna ganin juna sarai, ba reshe, ba tankin ruwa, ba ƙusurwar benen wani. Wannan hawa yana da ladabinsa a garin nan: a aika yaro ya sanar da gidajen da ke kewaye kafin a kafa tsani, domin wanda ya hau rufi yana ganin tsakar gidan mutane. Na uku, a gwada saurin intanet ɗin da rana da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da layi ya fi cunkoso. Rautar 4G da ba ta wuce megabit 30 ko 40 ba, ba ta bukatar gada, wato na'urorin da ke haɗa gidajen ta iska, mai ɗaukar gigabit (megabit 1,000). Starlink kuwa kan wuce megabit 100 idan ba cunkoso, kuma a nan ne bambancin na'urori zai fito.

Idan kebul zai iya kaiwa

Gidajen da katanga ɗaya ta raba su fara tunanin kebul tukuna. Kebul ɗin intanet na Cat6 yana ɗaukar gigabit har mita 100, ba ruwansa da bishiya ko rautocin maƙwabta. Haɗarinsa shi ne tagulla ce ta haɗa gine-gine biyu masu mita daban da wayar ƙasa daban. Tsawa ta faɗo kusa a damina, ko wuta ta dawo da ƙarfi a gida guda, sai bambancin ya bi kebul ɗin ya ƙona ramin rauta a ɓangarorin biyu. Maganin wannan shi ne faiba: zare ne na gilashi, ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Ana sayen wanda aka riga aka sa wa kawuna, na tsawon da ake bukata, da ƙananan akwatuna biyu masu juya faiba zuwa kebul na yau da kullum, a bi da shi cikin fayif a gindin katanga, kada a lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa. Duk inda wannan zai yiwu, ya fi kowace na'urar iska. Inda ba zai yiwu ba shi ne idan titi ne a tsakani, ko filin wani, ko layin da tifa ke bi.

Akwai kuma masu tura intanet ta wayar lantarkin gida. A manta da su a nan. Gidaje biyu ba lallai su kasance kan layin wuta ɗaya ba, kuma da an ɗauke wuta kowane gida ya koma kan inbata ko janaretansa, hanyar ta yanke.

Ekstenda, mesh, da na'urar waje mai watsawa ko'ina

Ekstenda, na'urar da ke kama Wi-Fi ta sake watsa shi, ita ce abin da aka fi saya, ita ce kuma ta fi ɓata wa mutane rai. Rediyo guda gare ta, da shi take sauraro, da shi take maimaitawa, saboda haka rabin sauri ya tafi tun kafin a yi maganar bango. Sannan abin da ta ji shi za ta maimaita. Idan sigina ya iso mata a raunane bayan ya ratsa bangon ɗaki da katanga, wayar hannu za ta nuna sanduna cike, amma bidiyo yana tsayawa. Bangon bulo da aka yi wa filasta yana cin sigina sosai, kaurin bangon ƙasa irin na tsofaffin gidajen cikin gari ya fi shi ci, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da shi suke yi gaba ɗaya.

Mesh, wato rautoci biyu ko fiye da ke aiki tare kamar guda ɗaya, irin su TP-Link Deco sun fi ekstenda tsari, waya tana ƙaura daga wannan zuwa wancan ba ta yanke ba. Amma su ma ta iska suke magana da juna da eriya mai watsawa kowane gefe, an ƙera su ne don ɗakunan gida ɗaya. Suna yin aiki tsakanin sassan gida biyu idan taga na kallon taga a mita 10 zuwa 15. Fiye da haka caca ce. Amfaninsu na gaske yana zuwa ne bayan an riga an kai intanet gida na biyu ta wata hanya.

Na'urar waje mai eriya tsaye, kamar TP-Link EAP110-Outdoor ko EAP225-Outdoor, tana da wurinta: tsakar gida mai faɗi, ko ƙofar gida inda ake zaman majalisa. A ɗaura ta sama, duk wanda ke fili a mita 30 zuwa 50 zai samu. Abin da ba za ta yi ba shi ne shiga ɗakin kwanan maƙwabci. Ko da muryarta ta kai can, wayar hannu ba ta da ƙarfin mayar da amsa ta cikin bango, hira kuma sai da amsa take tafiya.

Gada mai ƙafa biyu

Abin da aka ƙera musamman don wannan aiki shi ne na'urori biyu na waje, ɗaya a kowane gida, suna kallon juna. Bambancinsu da rautar ɗaki kamar na tocila ne da ƙwan lantarki: hasken bai fi yawa ba, an dai tattara shi gefe guda. Kowace tana da kebul ɗaya da ke sauka cikin gida, shi ke kai mata wuta, shi ke ɗauko bayanai. A gida na biyu sai a sa rauta ta ɗaki wadda wayoyi za su kama. Lissafin saye ke nan: na'urorin waje biyu, adaftar PoE biyu (masu tura wuta ta cikin kebul ɗin), rautar ɗaki guda, kebul na waje, da sanduna biyu.

Zaɓi na farko shi ne zangon rediyo: 2.4GHz ko 5GHz. Na 2.4, irin TP-Link CPE210 da Ubiquiti NanoStation Loco M2, sun ɗan fi haƙuri da ganye. Sai dai tashoshi uku kacal ne a wannan zango da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk wata rauta da MiFi da wayar da aka kunna wa hotspot a unguwa a nan take. A Mabera ko Rijiyar Ɗorowa, inda gidaje ke manne da juna, na'urar da aka ɗaga sama da rufi za ta ji su duka. Ba mu ba da shawarar 2.4 sai inda bishiya ta tare hanya kuma babu yadda za a yi da ita, ko a bakin gari inda gidaje ke warwatse. A sauran wurare 5GHz ne.

A cikin na 5GHz, abin da ya kamata a fara dubawa a jikin kwali ba adadin kilomita ba ne, ramin kebul ne. TP-Link CPE510, da Ubiquiti Loco M5, da MikroTik SXTsq Lite5, duk raminsu na megabit 100 ne. Ko an rubuta 300 a kwalin, abin da zai sauko ta kebul ba zai wuce casa'in da 'yan kai ba. Ga mai raba rautar 4G, ko mai son ganin kyamarori huɗu zuwa takwas, wannan ya isa har da ragi, kuma su ne masu sauƙin kuɗi. CPE510 tana zuwa da adaftarta a kwali, shafin saitinta ba shi da wuyar fahimta, ita ce za mu ce wanda bai taɓa yin aikin ba ya fara da ita.

Mai Starlink ko rautar 5G ya hau mataki na gaba: Ubiquiti NanoStation 5AC Loco ko MikroTik SXTsq 5 ac. Raminsu gigabit ne. Kamfanin Ubiquiti yana rubuta sama da megabit 450, a aikace a sa ran ƙasa da haka, amma wuce 200 a gajeren nisa ba abin mamaki ba ne idan iska ba cunkoso. Abu biyu a lura. Loco 5AC galibi ba ta zuwa da adaftar PoE, sai an saya daban, kuma dole ta zama mai bolt 24 mai gigabit, in ba haka ba an koma gidan jiya na megabit 100. SXTsq kuwa eriyarta ta fi tattarawa, 16 dBi (ma'aunin tattarawar eriya) a kan 13 na Loco, kuma tsarin RouterOS da ke cikinta yana iya kusan komai, amma ba ya yafe wa wanda bai iya ba. Lasisin da take zuwa da shi ma abokiyar hulɗa guda kawai yake bari ta karɓa, wato gida biyu zalla. Idan akwai tunanin ƙara gida na uku wata rana, Loco ko CPE510 sun fi, domin buɗin eriyarsu ya kai kusan digiri 45, guda ɗaya a babban gida tana iya ciyar da gidaje biyu ko uku da ke gefe ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ake sayarwa biyu a kwali, an riga an haɗa su tun daga kamfani, kamar TP-Link EAP211-Bridge KIT. A jona wuta, a fuskantar da su, shi ke nan. Sun dace da wanda ba ya son buɗe shafin saiti ko kiran mai gyara.

Kada a gauraya kamfani. Kowanne yana da nasa salon raba lokacin magana: airMAX na Ubiquiti, MAXtream na TP-Link, Nv2 na MikroTik, kuma ba sa jin yaren juna. Na'urorin airMAX AC ko wayar hannu ba ta iya kama su.

Dalilin da ya sa faranti ba na maƙwabta ba ne

A nan ne kuɗi ya fi salwanta. Ubiquiti LiteBeam 5AC da TP-Link CPE610 da CPE710 masu eriya ne mai kama da faranti, 23 dBi, an yi su ne don kilomitoci, kamar daga gari zuwa gona ko makarantar da ke bayan gari. Mai shago zai nuna su a ce su ne manya, gaskiya ne kuma, sai dai lissafi ya nuna abin da ke faruwa a mita 100. A 5.8GHz, sigina yana rasa kusan 88 dB (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina) a wannan nisa a fili. Ƙananan na'urori biyu masu 13 dBi, an rage ƙarfin fitarwa zuwa 10 dBm: 10 a tara da 13 da 13, a cire 88, an samu -52 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi). Daidai inda ake so ke nan, domin tsakanin -50 da -60 ne gada ta fi gudu. Faranti biyu kuma a cikakken ƙarfi, a ce 25 dBm: 25 da 23 da 23, a cire 88, ya ba da -17. Wannan ya yi wa kunnen na'ura yawa, sigina ya murɗe, kurakurai su yawaita, sauri ya faɗi ƙasa da na ƙaramar. Duk abin da ya fi -40 ƙarfi a rage shi. Ga kuma wahalar saiti, domin haskensu siriri ne, ga faɗin da iskar farkon damina ke kamawa ta juya. Ƙasa da mita 500, in dai ana ganin juna, faranti ba shi da aikin yi.

Wannan lissafi ya shafi ƙananan ma. Suna fitowa daga kwali a kan babban ƙarfi, kuma a mita 40 ko 60 sai an sauke shi ƙasa sosai. Rage ƙarfi kyautatawa ce ga maƙwabta kuma, don ba a cika musu iska da hayaniya ba.

Na 60GHz

Wanda ke son gida na biyu ya ji kamar kebul aka ja masa, MikroTik Wireless Wire ce amsarsa. Biyu ne a kwali, an haɗa su tun daga kamfani, suna ba da gigabit a nisan da ya kai mita 200, kuma suna karkata haskensu da kansu, ba sai an yi ta gyaran kusurwa ba. Cunkoso babu shi, domin iskar oksijin kanta tana shanye wannan zango da kusan 15 dB a kowace kilomita, siginar wani ba ta yin nisan da za ta dame ka. A mita 100 wannan asara 1.5 dB ce kawai.

Sharaɗinta mai tsauri ne: ba ta ratsa komai. Bango, ganye, ko babbar mota da ta tsaya a tsakani idan an ɗaura ta ƙasa-ƙasa, duk suna yanke ta nan take. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage ta, abin da ba a cika ji ba a mita 50 ko 100, amma ana ji idan an kai ta iyakar nisanta. Masu tsada irin Ubiquiti UBB, wadda ke kai mita 500, suna da rediyon 5GHz na ko-ta-kwana da ke karɓa idan na 60 ya yanke. Ga gidaje biyu da ke fuskantar juna a ƙetaren layi, ba bishiya, intanet ɗin kuma mai sauri ne, ba mu san abin da ya fi 60GHz ba. Ga mai rautar 4G kuwa kuɗi ne za a kashe a kan saurin da babu shi.

Dogonyaro da rufin kwano

Ganin juna da ido bai wadatar ba. Sigina yana bukatar sarari kewaye da layin da ke tsakanin na'urorin, sararin kuma ya fi faɗi a tsakiyar hanya. A mita 100, faɗinsa daga layin zuwa kowane gefe ya kai kusan mita 1.8 a 2.4GHz, mita 1.1 a 5.8GHz, santimita 35 a 60GHz. Ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan sarari ya zama wayam. Saboda haka layin da ya wuce dab da tsinin rufin wani zai yi aiki, amma da rauni, kuma kwano yana mayar da sigina ya dawo ya ci karo da kansa. Ƙarin mita ɗaya a tsawon sanda yakan gyara abin da canza na'ura ba zai gyara ba.

Bishiya kuma a dube ta da idon damina. Dogonyaron da aka sassabe, ko wanda ya yi sako-sako a rani, zai cika da ganye a watan Agusta, jiƙaƙƙen ganye kuma ya fi busasshe cin sigina. Gadar da aka kafa a Maris tana gudu, ta soma yankewa a Yuli duk lokacin da iska ta kaɗa, kusan kullum reshe ne. Hazon hunturu, duk da yadda yake rufe gari, ba ya yi wa 2.4 ko 5GHz wani abin a-zo-a-gani a irin wannan nisa. Ɓarnar ƙura a ramin kebul take, idan an bar murfin ƙasa a buɗe.

Sanda ta zama fayif na ƙarfe, inci ɗaya da rabi, a ɗaure ta a bango da maƙalai biyu, kada a kafa ta a jikin kwano. Ƙarfen tankin ruwa yana da tsawo, amma shi ne ya fi jan tsawa, wani kuma yana rawa idan iska ta taso. Fararen robobin ɗauri ba sa jure ranar Sakkwato, suna bushewa su karye, na'ura ta sunkuya. A yi amfani da maɗaurin ƙarfe ko baƙaƙen da aka yi don waje.

Wuta, zafi da kebul

Gada ta fi mutuwa ta nan fiye da ta rediyo. Na'urorin waje an ƙera su su jure har digiri 70. Rautar ɗaki da adaftar PoE kuwa yawancinsu iyakarsu digiri 40, zafin da garin nan ke wucewa a Afrilu da Mayu ko a inuwa. Kada a ɓoye su cikin silin ƙarƙashin kwano ko cikin akwati rufaffe. A manna su a bango, ƙasa-ƙasa, inda iska ke ratsawa.

Na'urorin airMAX da CPE na TP-Link da aka ambata a nan bolt 24 suke ci, irin PoE da ke tura wuta kai tsaye ba tambaya. Adaftar bolt 48 mai irin wannan hali za ta ƙona su nan take. Suwic ɗin kyamarori mai PoE na ƙa'ida kuma ba zai kunna su ba sam. A karanta bolt ɗin da ke jikin adafta kafin a jona, a kuma tabbatar ramin da aka rubuta PoE shi ya tafi sama, na LAN ya tafi rauta.

Kebul ya zama na waje, baƙi, tagulla zalla. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa wa tagulla. A kankare ɗaya daga cikin wayoyin da ke cikinsa da reza: in fari ya bayyana a ƙasa, a ajiye shi. Irinsa yana zubar da wuta a hanya, sai na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi, musamman da rana. TP-Link ma mita 60 ta ƙayyade wa kebul ɗin PoE na CPE, gajarta shi ya fi. Kafin ya shiga bango a sake shi ya ɗan yi lanƙwasa ƙasa, don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi shi ciki. A sa abin kariyar tsawa na kebul, kamar Ubiquiti ETH-SP-G2, a haɗa shi da wayar ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka sandar ƙasa a kafa ta inda danshi ke zama, kamar kusa da makwararar ruwa.

Lissafin batir kuma ga shi. Na'urar waje tana cin wat 5 zuwa 10, rauta kusan 10. A ce wat 18 a kowane gida, awa 24 ya kama wat-awa 432. Ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana na rauta, da aka rubuta wa 10,000 mAh, wat-awa 37 ne a cikinsa, bai fi awa biyu ba. Yana da amfani wajen riƙe gada a daƙiƙun da ake juyawa daga wutar Kaduna Electric zuwa janareta, domin kowace yankewa tana cin minti ɗaya ko biyu kafin na'urori su sake kama juna, amma ba zai kwana ba. Gidan da intanet ke fitowa shi ya fi bukatar sola, tunda in ya mutu kowa ya mutu. Mai son jona na'ura kai tsaye daga batir na bolt 24 ya sa abin daidaita wuta a tsakani, don lokacin caji yana haura bolt 28.

Saiti, da maganar amana

A yi saiti a ƙasa, na'urorin biyu a ɗaki ɗaya, kafin kowa ya hau tsani. CPE na TP-Link tana amsawa a 192.168.0.254, ta Ubiquiti a 192.168.1.20. A ba kwamfuta adireshi mai kama da nata, lambar ƙarshe kawai ta bambanta, a shiga, a canza kalmar sirri, a zaɓi Najeriya a matsayin ƙasa don ta tsaya kan tashoshin da aka yarda da su. Masu sayen na gwanjo su kula, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka a kulle suke, ba sa barin a canza ƙasa. Ta babban gida a sa ta Access Point, ta biyun Client ko Station, a kunna makullin tsaro na WPA2. Tunda da adireshi iri ɗaya suke fitowa, dole a canza na guda. Faɗin tasha a fara da 20 ko 40 MHz, kada a je 80 sai an ga iska wayam kuma ana bukatar saurin. Mai Starlink ya duba rautarsa: ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta, ta uku tana da biyu.

Sai shawarar da ta fi zaɓen na'ura nauyi: gidajen za su zama tsari ɗaya ne ko biyu? Idan iyali ɗaya ne, a kashe DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, a rautar gida na biyu, a sa kebul a ramin LAN, komai ya zama ɗaya, kowa yana ganin firinta da kyamarori. In aka manta ba a kashe ba, rautoci biyu za su riƙa raba adireshi, sai wata waya ta yi aiki wata ta ƙi, ba tare da wani dalili da ake gani ba.

Idan kuwa maƙwabci ne ko ɗan haya, a sa kebul a ramin WAN na rautarsa, wato ramin shigowar intanet, a ba ta layin adireshi daban. Amma a sani wannan maƙwabcin yake karewa, ba mai gida ba: na'urorinsa sun ɓuya, shi kuwa yana iya kaiwa ga na babban gida, har da na'urar ajiyar hotunan kyamarorin da ke kallon tsakar gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da iyali. Hanya mai sauƙi ita ce babban gida ma ya sa tasa rautar daban a bayan tushen intanet ɗin, gidajen biyu su rataya gefe da gefe, ko a sa rautar MikroTik a tsakiya a rubuta dokar da ta hana ratsawa. A kuma ƙayyade sauri tun ranar farko, da Traffic Shaping a Ubiquiti ko Queues a MikroTik, kafin wani ya kwana yana sauke finafinai data ta ƙare a tsakiyar wata, zumunci ya soma tsami. Raba wa ɗan'uwa daban ne da sayarwa: sayar da intanet ga jama'a yana bukatar lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, kuma sharuɗɗan Starlink na gida sun hana sake sayarwa.

Idan gada ta soma ba da matsala, a shiga shafinta a dubi lamba uku kafin a sayi komai. Tsawon lokacin da ta yi a kunne: in kullum yana komawa sifili, wuta ce ko kebul ko adaftar da zafi ya gajiyar. Ƙarfin sigina: in ya sauka daga -55 zuwa -70, ko sanda ta juya ko reshe ya tsiro. In sigina na nan daram amma sauri ya faɗi da dare, wani ne ya hau tasharka, a bincika iska a ƙaura. Sai saurin ramin kebul: in na'urar gigabit ta nuna 100, ko mai 100 ta nuna 10, sili ɗaya ne cikin takwas bai zauna ba ko ya yi tsatsa. A yanke kan kebul ɗin, a matse sabo, a rufe murfin da kyau.